Shekarun da Doka Ta Hana Kirsimeti

Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba. Tsohon rubutu ya nuna ikkilisiyar Roma tana kiyaye 25 ga Disamba tun shekara ta 336. A wannan lokaci ne kuma masu bautar gumaka na Roma suke bukukuwansu na hunturu. Daga nan gardama ta taso. Waɗansu suka ce aron ranar aka yi daga wurinsu. Waɗansu kuwa suka ce wata 9 aka ƙirga daga 25 ga Maris, ranar da magabata suka ɗauka Maryamu ta sami ciki.

A Ingila, masu bi da ake kira Furitan suka ce Allah bai umarci wannan idi ba, ga shi ya cika da shaye-shaye. A 1647 majalisar dokoki ta soke shi, har mutanen Kantabori suka yi bore. Sai a 1660 aka maido da shi. A Masacuset ta Amurka ma, daga 1659 zuwa 1681, wanda ya yi bikin tarar sule 5 zai biya. Amma a 1870 gwamnatin Amurka ta mai da ranar ta zama hutu.

Kun gani, doka ta hana, doka ta yarda, amma ba ta taɓa sa zuciya ta yi sujada ba. Manzo Bulus ya gargaɗe mu cikin Romawa sura 14 kada mu hukunta juna a kan ranaku. Mai kiyayewa da marar kiyayewa, dukanmu na Ubangiji ne. Kada rana ta raba waɗanda jininsa ya haɗa. Amin.