Gumin Da Ke Cikin Wayarka: Daga Shenzhen Zuwa Challawa



Ya ɗan'uwa mai karatu, kwanakin baya wayata ta lalace, sai na tashi daga gida a nan Sheshe na kai ta kasuwar Farm Centre wajen mai gyara. Da ya buɗe cikinta, sai na ga wasu 'yan kusoshi waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, kowane an ɗaure shi a mazauninsa. Nan take na tambayi kaina: shin hannun wane bawan Allah ne ya ɗaure waɗannan, kuma a wane hali yake? Amsar da tarihi ya ba ni ita ce nake son mu yi nazarinta tare.

A birnin Shenzhen na ƙasar Sin akwai wata unguwa mai suna Longhua, inda kamfanin Foxconn, wanda attajirin Taiwan Terry Gou ya kafa, yake da katafariyar masana'anta da ta riƙa haɗa wa Apple da Dell da HP kayayyakinsu. A shekarar 2010 ma'aikatan wannan wuri sun haura 300,000, galibinsu 'ya'yan manoma da suka baro ƙauyuka, kamar dai 'yan ci-ranin da muka sani. A cikin harabar suke kwana, a nan suke ci, kuma ba a yarda su yi hira a bakin aiki. Tushen albashinsu kuɗin Sin yuwan 900 ne a wata, wanda ba ya riƙe mutum sai ya haɗa da aikin ƙarin lokaci. Doka ta kayyade wannan ƙari ga awa 36 a wata, amma da yawansu suna ninka hakan.

A cikin wannan shekara matasa 18 daga ma'aikatan kamfanin suka yi yunƙurin kashe kansu, 14 suka rasu, dukkansu tsakanin shekara 17 zuwa 25. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata yarinya 'yar shekara 17, wadda ta yi aikin wata guda da 'yan kwanaki, ta je neman albashinta na farko aka yi ta tura ta daga wannan ofishi zuwa wancan, har guzurinta ya ƙare, ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Ta rayu, amma ba ta sake takawa da ƙafafunta ba. Da duniya ta yi ca, kamfanin ya ƙara albashi, ya kuma ɗaura raga a jikin benaye. Raga tana iya tare jiki, amma ba ta tare baƙin ciki.

Kada mai karatu ya ce ai wannan can ne. Mu ma muna da namu tarihin. Tun kafin zuwan Turawa, arzikin Kano bai tsaya kan marina da masaƙa da dukawan Kurmi kaɗai ba, har da gumin bayin da ke noma a gandaye da rinjoji irin na Fanisau. Bayan haka, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a kan tilas, abin da iyayenmu suka kira diban gwamna. Sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe da yawa, wasu kuma suka gudo gida a ƙafa.

Daga baya aka kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mutane suka samu aiki da ƙungiyoyin ƙwadago da ke tsaya musu. Amma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar atamfa mai araha daga Sin zuwa Kantin Kwari, masana'antu da dama suka rufe. Masu neman aiki suka fi aikin yawa, kuma duk inda haka ta faru, mai aiki ba ya da bakin magana.

Sakamakon haka mun gan shi a watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, yayin da 'yan sanda suka buɗe ƙofar wata masana'antar sarrafa shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata 126 waɗanda suka shafe kimanin wata uku a ciki. Kamar yadda ma'aikatan suka bayyana, an yi musu alkawarin ɗan ƙarin kuɗi, aka ce wanda ya fita ya rasa aikinsa, ba ganin iyali, ba isasshen abinci. Wannan fa a cikin Kano ne, kuma shinkafar a tukwanenmu ta ƙare.

Abin da na lura da shi a waɗannan labarai shi ne, ba wahalar aiki ce kaɗai ke karya mutum ba. Marinin Ƙofar Mata ma yana shan wahala, teloli a zaurukan Sheshe suna kwana a kan keke idan salla ta gabato. Amma an san sunansu, suna ajiye aiki su bi jam'i, idan ɗayansu ya yi shiru kwana biyu sai an tambaye shi lafiya. Abin da ke karya mutum shi ne a raba shi da jama'arsa, a mayar da shi lamba, sannan a rufe ƙofa.

Kowa ya san kashe kai haramun ne a Musulunci, kuma ba mafita ba ne ga kowace irin damuwa. Sai dai mukan tsaya a nan, mu manta cewa shari'ar da ta haramta wannan ita ce ta umarci a biya ɗan ƙwadago hakkinsa ba tare da jinkiri ba, ta hana a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ta kuma sanya mai cinye ladan ma'aikaci cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Hukuncin wanda ya mutu yana ga Ubangijinsa, amma tambayar wanda ya tura shi bakin rami tana nan tana jira.

Ni da kai ba mu da iko a kan Shenzhen. Amma muna da iko a kan yaron shagonmu, da 'yar aikin gidanmu, da leburan da ya ɗora mana bulo. Yaushe muka biya su? Yaushe suka huta? Idan kuma kana da ƙane ko maƙwabci da ke dawowa daga masana'anta ya shige ɗaki ba ya son magana, to ka zauna da shi, ka saurare shi, idan abin ya yi nauyi ka raka shi wajen likita, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani.

Allah Ya tsare mu daga cin gumin bayinsa, Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, amin.