Dalilan dusashewar sauti a na'urorin kunne marasa waya lokacin tarukan bidiyo

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da taruka da darussa da ganawar neman aiki kan intanet, masu amfani da na'urorin sauraro na kunne marasa waya ke kokawa da matsala guda. Kiɗa da karatu na fita tangaran, amma da zarar an shiga Zoom ko Teams sai murya ta dusashe tamkar ta tsohuwar wayar tarho.

Galibi dai ba lalacewar na'urar ba ce. Matsalar ta samo asali ne daga tsarin Bluetooth, fasahar da kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya soma aiki a kanta a 1994.

Hanyoyi biyu

Bluetooth na da hanyoyi biyu na aika sauti. Ta farko, wadda ake kira A2DP, ta sauraro ce zalla, kuma takan ɗebi sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa guda.

Ta biyu kuwa, wato HFP, an tsara ta ne domin kiran waya, inda murya ke kai da kawowa a lokaci ɗaya. Ita takan ɗebi sauti sau 8,000 ko 16,000 kacal, kuma abin da kunnen dama ya ji shi na hagu zai ji.

Da zarar manhajar taro ta buɗe makirufon da ke jikin na'urar, kwamfuta kan koma hanya ta biyu da kanta.

Matakan gyara

Mafi sauƙin magani shi ne mutum ya shiga saitin sauti na manhajar, ya zaɓi makirufon kwamfuta ko wani mai waya domin magana, ya bar na'urar kunnen a matsayin abin sauraro kawai. Ta haka za ta tsaya kan hanyar farko.

Idan kuwa sauti na yankewa ne, to akwai yiwuwar cunkoso. Bluetooth na aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci ma ke amfani da shi. Mayar da Wi-Fi zangon gigahaz 5 kan rage katsalandan. Haka nan yawancin na'urorin ba sa wuce nisan kimanin mita 10, kuma bango na rage wannan tazara.

Domin tantance inda laifin yake, ana iya gwada abin sauraro mai waya. Idan yankewar ta ci gaba, to ba daga Bluetooth ba ne.

A watan Janairun 2020 ƙungiyar da ke kula da Bluetooth ta sanar da sabon tsari mai suna LE Audio, wanda ke inganta murya ko da makirufo na buɗe. Sai dai ba ya aiki sai na'urar kunnen da kwamfutar ko wayar duka suna ɗauke da shi, don haka yana da kyau a duba kafin a saya.