Dashen Inji da Sitiyari a Tsofaffin Motoci

Dashen inji shi ne a sauke injin da kamfani ya ƙero mota da shi a ɗora mata na wata motar, galibi sabon samfuri, wani lokaci har da giyabos da sitiyari. A motocin tsere aikin ya fara yin suna. A shekarar 1962 Ba'amurken nan Carroll Shelby ya ɗora injin Ford mai silinda takwas a kan ƙaramar motar Ingila AC Ace, aka samu Cobra, a 1964 kuma kamfanin Rootes ya bi sahu da Sunbeam Tiger. Masu gareji ma sun rungumi aikin, musamman bayan 1997 da General Motors ya fito da injin LS, wanda ƙanƙantarsa da rashin nauyinsa suka sa ake cusa shi a tsofaffin motoci irin Datsun 240Z. A can Amurka da Ingila nishaɗi ne da neman gudu, a Duwala ta Kamaru kuwa hanyar cin abinci ce. Amma ilimin ɗaya ne, bai kamata a kira na can fasaha a kira na nan kwaskwarima ba.

Unguwar New Bell da ke Duwala ta samo asali ne a wajen 1914, lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala na bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a watan Agusta na wannan shekarar. Unguwar ta zama mazaunin baƙi, ciki har da Hausawa fatake, waɗanda harkarsu ta goro da shanu da tufafi ta dogara da hanyar arewa, daga baya kuma da motocin da ke bin ta. Amma abin da ya mai da dashe ruwan dare a birnin shi ne karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin hali, tashar jiragen ruwan Duwala ta cika da motocin gwanjon Turai, unguwar Camp Yabassi, inda 'yan kasuwar Najeriya suka yi kaka-gida, ta zama cibiyar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano. Injin gwanjo yakan iso a kwantena da wayoyinsa a yanke. Bakanike ya rataye shi da sarƙa, ya yi ta saukewa yana ɗagawa har sai ya ga kaskon mai bai gogi sandar sitiyari ba, sannan mai walda ya gyara mazauninsa, a rage tsawon farfela, a nemo lagireto da zai iya da zafinsa. Idan kwamfutar injin ta ƙi, wasu sukan cire ta su mai da shi kafireta, abin da ke sauƙaƙa gyara amma ya ƙara shan mai.

Masu suka na cewa dashe yana ɓata asalin mota. Wannan hujja ce ga motar da ake adanawa don tarihi, amma tasi mai launin ɗorawa da ke ciyar da gida ba don kallo aka saye ta ba, kuma bodi mai lafiya da injinsa ya mutu ba shi da makoma sai 'yan gwangwani. Wasu kuma hayaƙi ne kukansu, alhali injin da ya fi sabunta, muddin an bar masa na'urorinsa, ya fi tsohon da aka cire tsabta. Sukar da ke da nauyi ita ce ta haɗari, kuma ba a injin take ba. Inji mai ƙarfi a kan tsohon birki yana kai mota gudun da ba za ta iya tsayawa ba. Sitiyari ya fi wannan tsanani: idan aka ɗaura sabon samfuri sama ko ƙasa da inda ya dace, ko da ɗan kaɗan ne, tayoyin gaba kan karkata da kansu duk sanda motar ta faɗa rami, sandar da aka yanke aka haɗa da walda kuwa ba ta yin gargaɗi kafin ta karye. Akwai kuma takardu, domin katin mota na nuna ƙarfin inji da irin man da yake sha, wanda ya sauya bai gyara ba yana iya rasa inshora ranar da ya fi bukatarta.

Hana dashe ba zai yiwu ba matuƙar sabuwar mota ta fi ƙarfin jama'a. Abin da ya rage shi ne masu duba lafiyar motoci su riƙa tsananta binciken birki da sitiyarin duk motar da aka sauya wa inji, iyayen gida a gareji kuma su haramta wa yaransu yin walda a sandar sitiyari, ko da mai motar ne ya nema.