Alamomin Haɗarin Ciwon Zuciya a Jinin Yara Masu Teɓa: Bitar Ma'aunai da Iyakarsu a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar abubuwa uku da ake aunawa a jinin yaro mai teɓa don hasashen ciwon zuciya: maiƙon jini, alamar kumburi, da bijirewar jiki ga insulin. Ta nuna cewa akasarin iyakokin da aka yanka wa ma'aunan nan daga Amurka suka fito, kuma wasunsu kan yaudari likita idan yaron Kano ko Maraɗi ne a gabansa.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, na fama da teɓa. Ɓarnar kuwa ba ta jiran tsufa. Binciken Bogalusa, wanda Gerald Berenson ya jagoranta a jihar Luwiziyana, ya duba gawarwakin mutum 204 'yan shekara 2 zuwa 39, ya kuma wallafa a 1998 cewa kitse kan fara kwanciya a bangon jijiyoyin jini tun ƙuruciya. Gwargwadon taruwar ƙiba da hawan jini da maiƙo a jikin mutum ɗaya, gwargwadon kaurin kitsen.

Maiƙon jini

Ƙa'idar Amurka ta 2011 ta ce a auna kowane yaro tsakanin shekara 9 da 11. Kolestarol na LDL ya yi yawa idan ya kai miligiram 130 a desilita, HDL mai share jijiya ya gaza idan ya sauka ƙasa da 40. Ga turaigilisaraid, iyakar 130 ce ga 'yan shekara 10 zuwa 19. Abin da aka fi gani ga mai teɓa shi ne turaigilisaraid ya hau, HDL ya faɗi.

Nan gizo ke saƙar. An daɗe da lura cewa mutane 'yan asalin Afirka kan riƙe turaigilisaraid ƙasa-ƙasa ko da jikinsu ya bijire wa insulin. Ke nan takardar gwaji na iya fitowa fes, a sallami yaro, alhali matsalar na nan.

Kumburi

Kitsen ciki ba ajiya ba ne kawai. Yana fitar da sinadarin IL-6, wanda ke sa hanta ta sarrafa furotin CRP, alamar kumburi. Ga manya, abin da ya haura miligiram 3 a lita haɗari ne babba. Amma zazzaɓin cizon sauro kan cilla CRP sama ninkin ba ninkin, don haka awo ɗaya da aka yi a watan Agusta, lokacin sauro, ba abin kafa hujja ba ne. Sai an tabbatar yaro ba ya zazzaɓi, a kuma maimaita bayan mako biyu.

Insulin da sukari

Lissafin HOMA-IR na 1985 yana ninka sukarin jini da insulin, na wanda bai karya kumallo ba, ya raba da 22.5. Balaga ita kanta kan ɗaga shi na ɗan lokaci, shi ya sa har yau ba a yi ittifaƙi kan iyaka ɗaya ga matasa ba. Gwajin sukari na HbA1c ma bai tsira ba. Ya dogara ne da daɗewar jajayen ƙwayoyin jini, kusan kwana 120, su kuwa na mai sikila ba sa kaiwa ko kusa, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya.

A ganin mai wannan bita, kafin a kai ga allura akwai abin da ido ke gani: baƙin nan mai kauri a bayan wuya da hammata, wanda uwa kan ɗauka dauɗa ce ta yi ta dirza da soso da sabulu. Sau da yawa alamar yawan insulin ce. Idan ta haɗu da ƙugun da ya zarce rabin tsawon yaro, ya kamata a auna sukarinsa da safe kafin ya ci komai, da hawan jininsa, ko da turaigilisaraid bai nuna komai ba.