Sanin Inda Matafiyi Ya Kwana

Tun zamanin da fatake ke ƙetare kogin Kwara ta wajen Illo, suna ratsa Bargu zuwa Gwanja sayo goro, mutanen wannan yanki na Kurgu, a ƙasar Bagudo ta yau, suka fahimci cewa labarin inda matafiyi ya kwana amana ce wadda ba kowa ake damƙa wa ba. Madugu ba ya sauke ayari sai ya aika wa sarkin gari, ya biya fito. Fatoma kuwa, mai masaukin baƙi, ya san kowane falke da ubangidansa da yawan jakunansa, domin in ajali ya riski mutum a zango a san inda za a kai gadonsa, in an yi masa fashi a san inda za a ɗauki sawu. Amma ranar tashi da hanyar da jagaba zai bi, waɗannan ba a faɗa ko ga mai tallar fura, saboda 'yan sarakin Bargu masu tare hanya ba su rasa kunne a kasuwa.

Da Ingila da Faransa suka raba Bargu a 1898, sai wannan sani ya bar ƙirjin fatoma ya koma littafin haraji da jangali. A ɓangaren Faransa, wato Dahome, Benin ta yau, da irin wannan ƙidaya ake kamo samari aikin dole, shi ya sa da yawa suka tsallako iyaka da dare, har aka soke aikin a 1946.

Yanzu salula ke ba da labarin mai ita, ko yana barci. A Nijeriya an fara rajistar layuka a 2011, a Disamban 2020 aka wajabta haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma hujjar hukuma, wato bin sawun masu garkuwa da mutane, maslaha ce da mai hankali ba zai raina ba, ko da yake Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wato leƙen asirin mutane. Sai dai fatoma an san ƙofar gidansa, in ya ci amana a kai shi gaban alƙali, alhali mai riƙe da bayanan yau ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanai a 2023, amma ɗan kasuwar Lolo ko Tsamiya da ke bakin iyaka, wanda sau da yawa layi biyu ne a aljihunsa, rabin labarinsa yana hannun kamfanin Benin.