Kano, Zangon Jiragen Yaƙi da Kumbo

Rugugin jiragen sojan sama da mazauna Unguwa Uku da Tarauni a Kano kan ji ya samo asali tun Nuwamban 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya zama zango, wato wurin shan mai da duba inji, ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai su Alƙahira. Abin da ba a cika ambata ba, alhali ya cancanta, shi ne tashar da hukumar NASA ta Amurka ta kafa a Kano don bibiyar kumbo, jirgin da ke fita sararin samaniya, wadda ta yi magana da ɗan sama jannati John Glenn ranar 20 ga Fabrairu 1962 yana kewaya duniya.