ZARE: Yadda salansa ta zama makamin cin tseren mota, da abin da hakan ke nufi ga motarka

1/ Daga Sara zuwa Gwaram, daga Birnin Kudu zuwa Kano, kowa ya san ƙarar nan: matashi ya kai mota ko mashin wajen mai walda an fafe salansa, yana tafe kamar hadari ya taso. In ka tambaye shi sai ya ce ai gudu ta ƙara. Maganar tana da tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da ƙa'ida ɗaya. Iskar da ke gudu da sauri, matsinta raguwa yake yi. In ka sa iskar ƙarƙashin mota ta fi ta sama sauri, sai motar ta manne da kwalta kamar ana tsotso ta. Tayoyi su riƙe ƙasa, direba ya sha kwana ba tare da ya sassauta ba.

3/ A 1977 kamfanin Lotus na Ingila, ƙarƙashin Colin Chapman, ya fito da Lotus 78 a gasar Formula 1. Cikin gefunanta an ƙera shi kamar fiffiken jirgin sama da aka kifa. Jirgi iska ke ɗaga shi, ita kuwa danne ta take yi. A 1978 Mario Andretti ya zama zakaran duniya da ƙanwarta, Lotus 79.

4/ Gudun kwana ya yi yawa har abin ya fara ba da tsoro. A 1983 hukumar gasar ta ce dole cikin mota ya zama shafal. Abin da ya rage wa injiniyoyi shi ne ƙarshen bayan motar, inda ƙasan ke ɗagowa sama kamar bakin kwalbati. Sunansa difuza. Shi ke janyo iska ta fice da sauri.

5/ A nan salansa ta shigo labari. A wannan shekarar ta 1983 Renault ta Faransa, a motarta RE40 da Alain Prost ke tuƙawa, ta karkatar da bakin salansa cikin difuza. Hayaƙi mai zafi yana fita da ƙarfi, yana jan iskar ƙasa tare da shi. Abin da ake zubarwa a banza ya koma riba.

6/ Amma fa akwai matsala. Hayaƙi na fita ne in ka taka totur. Yaushe direba ke ɗaga ƙafa? A bakin kwana. Wato daidai lokacin da ya fi buƙatar motar ta riƙe ƙasa, a lokacin take sakinta. Shi ya sa sannu a hankali aka yi watsi da dabarar.

7/ Sai 2010 Adrian Newey na Red Bull ya farfaɗo da ita. A 2011 suka kai ta ƙarshe: suka harba hayaƙin tsakanin tayar baya da gefen difuza, ya zama kamar labule mai tare gurɓatacciyar iskar taya. Kuma aka saita kwamfutar injin Renault ta ci gaba da hura iska ko da direba ya ɗaga ƙafa.

8/ Sakamako? Sebastian Vettel ya ci tsere 11 cikin 19 a 2011. Masu kallo har sun gane motocin da kunne, don in sun shiga kwana sai ka ji suna karaf-karaf kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

9/ Ba kowa ya sha da daɗi ba. Motar Renault R31 ta juyo da bakin salansarta gaba, ta gefen mota. A shekarar, sau biyu motar Nick Heidfeld tana kamawa da wuta, a Sifen da Hangari. Ƙwararru ke nan masu kuɗi kamar ƙasa. Ku riƙe wannan.

10/ A 2012 aka tilasta ɗaga bakin salansa sama. Injiniyoyi suka lanƙwasa jikin mota don hayaƙin ya bi shi ya gangaro. A 2014 aka rufe ƙofar gaba ɗaya: bututu ɗaya, a tsakiya, can baya inda ba zai taɓa difuza ba.

11/ To mu dawo gida. Ƙarfin dannawar nan da gudu yake tafiya: ka ninka gudu sau 2, ya ninku sau 4. Mai gudun kilomita 240 yana samun ninki 16 na mai gudun 60. Kuma cikin motarsu dab yake da kwalta. Golf ɗinka da aka ɗaga saboda ramuka ba ta cikin wannan lissafi.

12/ Abin da ya shafe ka shi ne wannan. Robar nan ta ƙarƙashin inji da bakanike ke cirewa ya ce ba ta da amfani, ita ke sa iska ta wuce sumul, tana kuma kare inji daga ruwa da tsakuwa. Ƙatuwar salansa mai reto kuwa iska take tarewa, ga dukan ƙasa a kowane tudu.

13/ Sai "indomi", tukunyar tace hayaƙi da ake fafewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. In aka cire ta, guba ta ƙaru. In walda ta bar ɓula a ƙarƙashin kujera, iskar da ke kashe mutane a ɗakin janareta ce ke shigo maka. Ba ta da wari, ba ta da launi. Barci kawai za ka ji kana tuƙi.

14/ Kafin ka sayi salansa a Ƙofar Ruwa ko a wajen mai waldan unguwa, duba uku: ta zauna a mazaunin ta asali? Bakinta ya fita bayan mota, nesa da bamba da bututun mai? An mayar da garkuwar zafi da robar ƙasa?

15/ Red Bull sun ci kofi ne don sun san inda hayaƙi zai bi, ƙarar rakiya ta yi. Kai da ka sayi ƙarar kaɗai, maƙwabta ne ke biya da barcinsu, kai kuma da aljihunka, a wannan tsadar man.

Ku tura wa abokin nan naku, kun san shi. Allah Ya tsare mana hanya.